Wa Zai Yi Wa 'Yan Agaji Ta'aziyya?

A watan Nuwamba na 1921 babu wanda zai yi tsammanin gwamnati ta kula da zuciyar mai ceto, amma yau ba mu da wannan uzuri. A watan Nuwamba na 2021 wani kwale-kwale ya kife a madatsar ruwa ta Watari da ke Bagwai, Jihar Kano, ɗauke da yara 'yan Islamiyya masu zuwa Mauludi. A watan Oktoba na 2024 kuma wata motar ɗaukar man fetur ta kama da wuta a Majiya, ƙaramar hukumar Taura ta Jihar Jigawa, inda mutane fiye da 150 suka rasu. A irin wannan rana, kafin jami'an hukuma su iso daga babban birni, masunta da 'yan agaji na ƙungiyoyin addini da samarin gari su ne ke tsamo gawarwaki, su kai masu rauni asibiti, su haƙa kaburbura.

Abin lura shi ne, a ƙaramin gari mai agaji ba baƙo yake ɗauka ba. Ya san sunan mamacin, ya san mahaifiyarsa, wataƙila ma tare suka yi sallar asuba. Idan an watse, manyan baƙi sukan yi wa iyalan mamata jaje su raba kayan tallafi, shi kuwa a sa masa albarka ya koma gida da abin da idonsa ya gani. Daga nan sai rashin barci, da firgita, da saurin fushi, da gudun bakin ruwa ko hanyar da abin ya auku. Likitoci sun san wannan ciwo, yana kuma da magani, amma mu sai mu ce namiji ba ya kuka. Haƙuri da ƙaddara wajibi ne, sai dai bai hana neman magani ba.

A watan Janairu na 2023 aka sa hannu a kan dokar kula da lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958. To amma asibitocin wannan fanni suna Kaduna da Kware da Maiduguri da Dawanau, watau nesa da masuncin ƙauye.

Saboda haka muna kira ga hukumomin ba da agajin gaggawa na jihohi da su riƙa rubuta sunayen masu ceto tare da na waɗanda bala'i ya shafa, a koma a duba su bayan 'yan makonni. Ma'aikatun lafiya su horar da ma'aikatan ƙananan asibitoci yadda za su gane alamun ciwon, su tura mai tsanani gaba. Limamai da masu unguwanni kuma su bayyana wa jama'a cewa faɗin damuwa ba ragwanci ba ne.

Lalle ne mu tuna, wanda aka bari da ciwonsa a yau, da wuya ya fito gobe idan aka yi kururuwa. Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu, Ya saka wa masu agaji da alheri, amin.