KAFIN KA BA DA KUƊIN ALBASARKA A KAN KEKE

   

Yau zancen keke ya kawo ni. An ciri albasa, an ɗinke buhu, kuɗi sun shigo hannu. Na san da yawa cikinku suna da niyyar sayen keke, ko don zuwa garka, ko don yaro mai zuwa lakwal nesa da gida. Kun san yadda kuɗin nan suka samu: wata da watanni kuna bakin rijiya, raƙumi yana jan guga ko inji yana shan mai. Bai kamata su salwanta cikin yini ɗaya a kasuwar Agadas ba. Shawarata ita ce: ka sayi keken duwatsu mai gangar jikin ƙarfe, wanda ya yi daidai da tsawonka, ko da ba ya ƙyalli.

MENE NE KEKEN DUWATSU?

Shi ne wanda masu sayarwa ke kira VTT. Yana da taya mai faɗi, da miƙaƙƙen kai, da giya. A Kaliforniya ta ƙasar Amurka aka fara ƙera shi. A 1977 wani mai suna Joe Breeze ya haɗa irinsa don hawa da gangaren dutse. A 1981 kamfanin Specialized ya fito da samfurin Stumpjumper da yawa a kasuwa. Duka biyun na ƙarfe ne. Su don wasa suka yi shi. Mu kuwa irin wannan hanya ita muke bi kullum. Wanda ya taɓa zuwa Dabaga, ko ya doshi Tabelot da Timiya, ya san abin da nake faɗi: tsakuwa, baƙin dutse, rairayin ƙorama, ga ƙaya.

ABIN DA YA SAME NI

Da na kama aikin gona, ina ji da karatuna na lise, na sayi wani keke na alminiyam, fari fat, mara nauyi. Na ɗaura masa iri da tulun feshi ina zagaya garake. Bai shekara ba, wata rana a hanyar Dabaga na ji ƙas! Gangar jiki ta tsage a ƙarƙashin sirdi. A bisa jakin wani mai garka keken ya komo gari. Masu walda biyu suka duba suka ce: "Mushe, wannan ba aikin wutarmu ba ne." Na uku ya gwada, gyaran ya riƙe sati biyu. Shi kuwa mai jakin yana da wani baƙin keken ƙarfe da ya gada wurin wansa. Sau biyu ana yi masa walda, har yau yana kai tumatir kasuwa.

DON ME ƘARFE?

Alminiyam ba abin banza ba ne. In girmansu ɗaya da ƙarfe, nauyinsa kamar kashi ɗaya cikin uku ne, kuma ba ya tsatsa. Amma waldarsa sai da inji na musamman da iskar gas ta musamman. Ko an yi, wurin da wuta ta taɓa yakan yi laushi, sai an sake gasa shi a masana'anta. Ban da haka, girgizar hanya tana cinsa a hankali, sai ya tsage ba sallama.

Ƙarfe yakan yi gargaɗi. Yakan lanƙwashe kafin ya karye, a miƙe shi, a ci gaba da tafiya. In ya tsage, mai waldar da ke gyara maka amalanke zai gyara shi. Abokin gabansa tsatsa ce, mu kuwa ruwan da ke sauka a Agadas ba ya kai milimita 200 a yawancin shekaru.

Wani zai ce ƙarfe nauyi gare shi. Gaskiya ne. Amma bambancin gangar jikin biyu bai fi kilo 1 zuwa 2 ba. Mai ɗora jarkar ruwa ta lita 20 ina zai ji wannan? Ƙungiyar World Bicycle Relief, wadda aka kafa a 2005, ta ƙera keke mai suna Buffalo don ƙauyukan Zambiya da Kenya da Malawi. Da ƙarfe ta yi shi, nauyinsa ya haura kilo 20, kuma mazaunin kayansa na baya yana ɗaukar kilo 100.

Wani kuma zai ce gara a ƙara kuɗi a sayi moto. Mai hali ya saya. Amma moto kullum sai ya sha mai, keke kuwa tuwon da ka ci ya ishe shi. Ban ce zai maye raƙumi a hawan Bagzan ba, ban ce zai kai albasa kudu maimakon kamyo ba. Aikinsa tsakanin gida da garka, da kasuwa, da lakwal, da gidan likita.

YADDA ZA KA GANE ƘARFE

Fenti yana ruɗi. Ka ciro maganaɗisu daga lasifikar tsohuwar rediyo, ka tafi da shi kasuwa. In ya manne wa keke, ƙarfe ne. In ya faɗo, ka san sauran.

Ƙarfen ma iri biyu ne, kuma a nan karatunku na yaƙi da jahilci zai yi muku rana. Ka karanta takardar da ke manne a sandar ƙarƙashin sirdi. In ka ga Hi-Ten, ƙarfe ne na gama-gari, mai kauri, mai nauyi, mai araha. In ka ga Cr-Mo ko lamba 4130, wannan ya fi ƙwari, ya fi rashin nauyi, ya fi tsada. Sandunansa ba su da kauri, saboda haka ranar gyara ka ce wa mai walda ya yi da wutar gas da tagulla, kada babbar wutar lantarki ta huda shi.

AWO

Keke kamar takalmi ne, sai an gwada. Da inci ake auna shi, inci ɗaya kuwa santimita 2 da rabi ne da ɗan ɗoriya. Ga kimanin awon gangar jiki:

Mai tsawon mita 1 da 55 zuwa mita 1 da 65: inci 15.
Mita 1 da 65 zuwa mita 1 da 75: inci 17.
Mita 1 da 75 zuwa mita 1 da 85: inci 19.
Wanda ya fi haka: inci 21.

Lamba ba ta isa ba, sai jikinka ya shaida.

1. Ka tsaya keke yana tsakanin ƙafafunka, tafin ƙafa biyu a ƙasa. Tsakanin sandar sama da jikinka a sami faɗin yatsu 3 ko 4. Ranar da taya ta kafe cikin rairayi ka dira ba shiri, za ka gode wa yatsun nan.

2. Ka hau sirdi, ka sa diddige a kan feda tana ƙasa. In ƙafa ta miƙe sak, sirdi ya yi daidai. Sirdin da ya yi ƙasa yana kashe gwiwa.

3. Sandar sirdi tana da zane a jikinta. In sai ka ɗaga ta ta wuce zanen kafin ƙafarka ta miƙe, keken ya yi maka kaɗan. Hawansa haka yana fasa gangar jiki.

4. Ka kama kan keke. Gwiwar hannu ta ɗan lanƙwashe, kada ka miƙe kamar mai jan guga.

Iyaye, keke ba riga ba ce da za a ce yaro zai girma a ciki. Yaron da ƙafarsa ba ta kai ƙasa, ko yatsunsa ba su kai birki, yana cikin hatsari. Ga ƴan mata da mata, a nemi mai sandar sama a gangare.

ƘAFA, BIRKI DA SAURANSU

Ƙafar keken duwatsu iri uku ce: inci 26, da 27 da rabi, da 29. Lambar tana rubuce a gefen taya. Ni 26 nake zaɓa, don ita ta fi daɗewa a hannun mutane. Kafin ka biya, ka tambayi mai gyaran keke na kusa da kai wace taya yake samu. Ka ƙirga wayoyin ƙafa: mai 36 ta fi mai 32 jure kaya. Ka zaɓi birki mai waya, ka bar mai aiki da mai, don in ya zube a daji ba ka da dabara. Ka guji keke mai sifirin a tsakiyar jiki. Na araha ƙura tana kashe shi da wuri, kuma ba wurin ɗaura mazaunin kaya. Ka duba ƴan ramukan noti kusa da ƙafar baya, su ke riƙe mazaunin.

IN NA HANNU NE

Tsohon keken ƙarfe mai lafiya ya fi sabo mara ƙwari, araha ba ta ado. Amma kada ka sayi kifi a ruwa. Ka shafa yatsa ƙarƙashin sanduna, daf da wuyan keke. In ka ji kumburi ko ka ga fenti ya tattare, keken ya taɓa karo. Ka duba duk mahaɗa da rana tsaka, ko akwai tsaga. Ka kwance sandar sirdi, in tsatsa ta kama ta ba ta motsi, ka bar musu abinsu. Ka hau ka yi tafiya, in yana janka gefe ɗaya, a karkace yake.

KULAWA

Mai da yawa a kaca yana tara ƙura, ƙurar ta zama kamar dutsen wasa wuƙa. Ka ɗiga kaɗan, ka goge da tsumma. Cikin rairayi ka rage iskar taya kaɗan. Don tsidau da ƙayar aduwa, ka yanka tsohuwar robar ciki ka shimfiɗa ta cikin taya. Kada ka fita ba famfo da kayan faci. Da damina kada ka ƙetare ƙorama tana gudu. Mun ga abin da Telwa ta yi wa garin Agadas a watan Satumba na 2009. In keke ya shiga ruwa, ka zare sandar sirdi, ka kifa shi ya tsiyaye.

Ku karanta wa waɗanda ba su shiga aji ba tukuna, ku tattauna a wurin sauraren rediyo. Mai tambaya ya rubuto da hannunsa, ko ya tare ni ranar zagayen garake. Allah ya ba mu kasuwa mai albarka, ya kiyaye hanya.

Naku, mushen gona.