MU SAN ITATUWANMU TUN BA SU ƁACE BA

A watan Janairu na 2022, masanan tsirrai na lambun Kew a Ingila da abokan aikinsu na Kamaru suka ba da labarin wani itacen da ba a taɓa rubuta shi a littafin kimiyya ba. A kurmin Ebo na ƙasar Kamaru aka same shi. Tsawonsa kamar mita 4 ne, dangin gwandar daji ne, furanninsa kuma a jikin kututture suke fitowa. Aka sa masa suna Uvariopsis dicaprio. Waɗanda aka gani ba su kai 50 ba. A 2020 gwamnati ta ba da izinin saran katako a wannan kurmi, sai da jama'a suka yi ta kuka kafin ta janye. Da ba haka ba, wataƙila da itacen ya ƙare tun ba a raɗa masa suna ba.

Wani zai ce, ina ruwanmu da itacen Kamaru? Ai idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Mu dubi madobiya. An yi ta saranta a Jihar Taraba ana kai wa Sin don yin kujeru, har a 2017 aka sa ta cikin itatuwan da ba a cinikinsu tsakanin ƙasashe sai da izini. Can bisa tsaunin Mambila kuma akwai kurmin Ngel Nyaki mai itatuwan da ba kasafai ake ganinsu a Nijeriya ba, ga gobarar daji da kiwo suna cin bakinsa.

Muna jin daɗin inuwar darbejiya, amma baƙuwa ce daga Indiya. Idan ita kaɗai muke dasawa, wa zai dasa ɗorawa da kaɗanya da madobiya? A ganinmu dashen itace bai cika ba sai an haɗa da na gida.

Ga shawararmu. In mun je hutu, kowa ya zauna da kakansa ya rubuta sunayen itatuwan garinsu, da amfaninsu, da waɗanda aka daina gani. Mu kawo irinsu mu reno a lambun makaranta tare da malaman aikin gona. Iyayenmu kuma su bar 'yan itatuwan da suka tsiro a gona in ana sharar rani. Da zafi-zafi akan bugi ƙarfe.