A tuna da baƙin da suka tsufa a cikinmu

Zuwa ga Edita,

Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini, domin in faɗi albarkacin bakina game da dokokin baƙi 'yan ƙasashen waje. Ni dai manomi ne a ƙasar Daura, da rani kuma ina ɗan taɓa saye da sayarwar wake da gyaɗa a kasuwar Mai'aduwa ranar Lahadi. Karatuna bai wuce firamare ba, amma rediyo ba ya barin kunnena.

Malam Edita, na lura duk sanda gwamnati ta tashi yin gyara a kan baƙi, hannu biyu take miƙowa, ɗaya da bulala, ɗaya da afuwa. A watan Yuli na 2019 marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da rajistar baƙi, aka ba marasa takardu wata 6 su fito a rubuta su ba tare da hukunci ba. A 2025 kuma Ministan Cikin Gida, Olubunmi Tunji-Ojo, ya zo da tarar Dala 15 a kowace rana ga wanda bizarsa ta ƙare bai fita ba, kuɗin da ya haura Naira dubu 20 a lokacin, bayan an ba da afuwa har ƙarshen Satumba na shekarar. Ban ga laifin wannan ba. Mu da muke jihar Katsina mun fi kowa sanin illar barin iyaka sakaka, don ta daji ake shigo da bindigogin da ake kashe 'yan'uwanmu da su. A tsaurara, wallahi ina goyon baya.

To amma wa afuwar take kaiwa gare shi? Ta 2025 ai ta masu fasfo da biza ce, waɗanda suka sauka a jirgin sama a Legas ko Abuja. Mu baƙinmu da ƙafa ko bisa jaki suka shigo.

Ina da maƙwabci a gona, ya girme ni da 'yan shekaru. Iyayensa sun taho da shi daga wajen Matamaye a farin 1984, yana yaro. Nan ya girma, nan ya binne iyayensa, nan ya auri 'yar garinmu, 'ya'yansa bakwai. Ba shi da takardar haihuwa ta can, ba shi da ta nan. Da aka yi shelar rajistar 2019 na ce masa ya je, sai ya ce mini shi ba zai kai kansa mahauta ba. Kada a ga wautarsa. Mahaifina ya sha ba mu labarin watan Janairu na 1983, zamanin Shagari, da Minista Alhaji Ali Baba ya ba baƙi marasa takardu mako biyu su bar ƙasa, mutum sama da miliyan ɗaya suka fita, yawanci 'yan Gana, har da 'yan Nijar. Wanda maciji ya taɓa sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Kuma rajistar nan ba ta yi masa alkawarin komai ba banda a san da zamansa.

Yanzu dubi halin da yake ciki. Wani malamin makaranta ya yi mini bayani cewa a tsarin mulkinmu na 1999 'ya'yansa 'yan Nijeriya ne ta wajen uwarsu. Da shi ne ɗan ƙasa, matar ce baƙuwa, da tana iya neman zama 'yar ƙasa ta hanyar aure. Amma miji baƙo ba shi da wannan ƙofar, kuma da aka kawo ƙudurin buɗe masa ita a watan Maris na 2022, Majalisar Tarayya ta yi watsi da shi a wajen ƙuri'a. Abin da ya rage masa shi ne ya nuna ya zauna shekara 15, ya bi ofis-ofis har takarda ta kai ga shugaban ƙasa. Yo mutumin da ba ya iya rubuta sunansa da boko, ina shi ina wannan? Bara muna dawowa daga kasuwa aka sauke shi a wani shingen hanya don harshensa ya ɗan yi na ƙetare, sai da na bar kuɗin mudu biyar na wake a wurin kafin aka bar mu muka wuce.

Da, muna fakewa da yarjejeniyar ECOWAS ta 1979, wadda ta ce ɗan yankin zai shiga ƙasar maƙwabta ba biza har kwana 90. To ranar 29 ga Janairu 2025 Nijar ta fice daga ƙungiyar tare da Mali da Burkina Faso. A ranar ƙungiyar ta ce a ci gaba da barin mutanensu suna shige da fice sai yadda hali ya yi. Wannan alfarma ce, kuma wanda ya yi alfarma yana iya janye ta gobe. Mun ga yadda aka garƙame iyaka a 2019, aka sake garƙame ta bayan juyin mulkin 2023, mutumin Kwangwalam ya koma bin daji don ya je jana'izar ƙaninsa a Ɗan Barto. Kuma fa namu suna can birjik, a Damagaram da Maraɗi da Agadas, suna awo da ɗinki da kanikanci. Mudun da muka auna wa nasu da shi za a auna wa namu.

Na ji a rediyo cewa a Amurka a 1986, zamanin Shugaba Reagan, doka guda ta sa tara a kan mai ɗaukar baƙo marar takarda aiki, ita ce kuma ta ba mutum kusan miliyan 2 da dubu 700 takardar zama, har da 'yan ƙwadagon gona. Can afuwar takarda ce ta hannu, wadda mutum zai nuna a bar shi. Irin wannan nake roƙo.

Don haka nake kira ga sanatanmu da 'yan majalisarmu na wakilai daga Daura da Sandamu da Mai'aduwa da Zango da Ɓaure, su kai ƙudurin gyaran dokar shige da fice ta 2015. A ƙara ma'aikata da motocin sintiri, a tsananta hukuncin mai safarar makamai da mai safarar mutane. Amma a cikin wannan doka a sa katin zama na mazauna bakin iyaka. A kawo na'urar ƙofar hakimi ranar kasuwa, mai unguwa da limami su shaidi wanda ya shekara goma a gari ba a san shi da ɓarna ba, a ɗau hotonsa da yatsunsa, a ba shi kati ba ko kwabo. Mai unguwar da ya shaidi ɗan ta'adda a tuɓe shi. Daga nan duk wanda aka kama ba kati, jami'i yana da hujjar tsare shi, mu ma mu san wa ke kwana a cikinmu. A kuma faɗa da Hausa a rediyo, ta bakin sarakuna, cewa wanda ya fito ba za a kore shi ba.

Maƙwabcin nawa ya ce in rubuta cewa ran da aka kawo na'urar ƙofar hakimi, shi zai fara shiga layi.

Naka,
Wani manomi,
Daura, Jihar Katsina.