Kafin a sayi bokitin fenti a Baturiya

Bangon da ambaliya ta taɓa yana riƙe shaidarta. Bayan ruwa ya janye, wani layi mai duhu yakan zauna a jikinsa, wani wuri iya gwiwa, wani wuri iya ƙugu, yana nuna inda kogi ya tsaya. A Baturiya, cikin ƙaramar hukumar Kirikasamma, da sauran garuruwan fadamar Haɗeja, daga wannan layi ya kamata zancen launin gida ya fara, tun kafin a leƙa shagon mai fenti.

Dalili kuwa sananne ne. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, tafiyar ruwan Kogin Haɗeja ta sauya, ciyawar kachala ta toshe hanyoyinsa, ambaliya irin ta 2020 da 2022 ta narkar da gidajen ƙasa masu yawa a Jigawa. Magidancin da ya samu hali ya sake gini da jan bulo, ko da a ƙasan bango kawai, ya yi dabara, domin bulon da ya sha wuta ba ya narkewa kamar tubali. Kuskuren yakan zo ne daga baya, ranar da aka ce a yi wa gida kwalliya.

Yayin birni shi ne a lafta wa bango filastar siminti, a bi ta da fentin mai mai sheƙi, a ɗora baƙin kwano ko mai ruwan makuba. A hoto abin yana da kyau. Amma bango a ƙasar fadama kullum yana tsotsar danshi daga tushensa, kuma dole danshin ya samu mafita. Jan bulo da yaɓen ƙasa suna barin sa ya fice. Fentin mai kuwa yana kulle shi ciki, sai fenti ya kumbura ya ɓare, wani farin gishiri ya tsatso, a bangon ƙasa ma filastar ta rabu da jikin gini ta faɗo falle-falle. Kwalliya ba ta biya kuɗin sabulu ba.

Saboda haka shawara ta farko ita ce a ƙyale jan bulon da launinsa. An riga an biya kuɗin wannan ja a wurin gasawa, ba ya koɗewa, kuma ƙurar hunturu da fantsamar laka ba sa tona masa asiri. Sauran launukan gidan su ne za su bi shi. A ɗauki bulo ɗaya a fita da shi rana a dube shi: in jansa ya karkata wajen ruwan goro, ruwan madara ko ruwan yashi ne abokinsa a saman bango, in ya yi duhu, ruwan toka mai haske ya fi zama da shi. Fari fat yana da kyau mako biyu, daga nan hazo ya mayar da shi abin tausayi. Farar ƙasa ta fi fentin mai dacewa a nan, ga araha, ga barin bango ya sha iska, ko da yake tana son a sabunta ta bayan damina.

Rufi ne wurin da launi ya zama maganar lafiya. A watan Afrilu zafi a wannan yanki yana haura digiri 40, kuma baƙin kwano yana shanye hasken rana ya juye shi cikin ɗaki, inda jarirai da tsofaffi suke wuni. Kwano mai haske yana mayar da kaso mai yawa na zafin sama. Ba a kan ƙara kuɗi don an zaɓi mai haske. Abin da ake rasawa kawai shi ne a ce gidan ya yi kama da na Abuja.

Wani zai ce wannan duk tauye wa talaka jin daɗinsa ne, mutum ya sha wuya ya gina gida, a bar shi ya shafa abin da ransa ke so. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, kuma Bahaushe bai taɓa ƙin ado a gini ba, zanen bangayen Zariya da Kano shaida ne. Sai dai magina na da sun san inda ake zuba ado: fuskar zaure da bakin ƙofa, sauran bango kuma a bar wa makuba ta kare shi daga ruwa. Francis Kéré na Burkina Faso, wanda ya karɓi lambar Pritzker a 2022, haka ya yi a makarantar Gando: bulon ƙasa a fili, launi mai ƙarfi a tagogi.

Ƙofa da taga ƙarfe ne ko katako, su ne ma ke buƙatar fentin mai don tsatsa da ruɓewa. Nan mai gida zai saki hannu. Shuɗi mai duhu irin na baba yana zama daram a gefen jan bulo, kore ma haka, kuma ƙaramin gwangwani ɗaya ya isa ƙofar zaure da tagogi biyu.