Ajaokuta: A wace tasha kwal ɗin zai sauka?

Duk gwamnatin da ta hau mulki a ƙasar nan sai ta yi alƙawarin farfaɗo da kamfanin ƙarafa na Ajaokuta. Ta yanzu har ma'aikata guda ta kafa domin harkar ƙarafa a 2023, sannan a watan Satumba na 2024 ta rattaba hannu a kan yarjejeniyar fahimtar juna da kamfanin Rasha na Tyazhpromexport, wanda shi ne ya gina masana'antar tun zamanin Tarayyar Sobiyet. Sai dai a duk wannan hayaniya ba a cika jin wanda ya tambayi inda jirgin da zai kawo kwal zai tsaya ba, alhali a kan wannan tambaya makomar aikin ta rataya.

Mai karatu zai iya cewa, ashe ba mu da kwal? Muna da shi. Bilhasali ma kwal ne ya haifi Fatakwal. An gano shi a yankin Udi a 1909, Turawan mulkin mallaka suka kafa tashar jiragen ruwa a Fatakwal domin fitar da shi, kuma zuwa 1916 jirgin ƙasa ya fara jigilarsa daga Inugu zuwa bakin teku. Amma kwal iri-iri ne. Na Inugu ya dace da hura tukunyar jirgin ƙasa da injin lantarki. Babban tanderun narkar da tama irin na Ajaokuta kuwa yana buƙatar wani nau'i ne da idan aka gasa shi ba tare da iska ba yakan dunƙule ya yi tauri, har ya iya ɗaukar nauyin tamar da aka jibga a kansa ba tare da ya marmashe ba. Na Obi da ke kusa da Lafiya a Jihar Nasarawa yana da wannan siffa, sai dai toka da farar wuta sun yi masa yawa, ba ya aiki shi kaɗai sai an gauraya shi da na waje. Waɗanda suka tsara Ajaokuta sun san haka tun farko, shi ya sa aka shata layin dogo daga Itakpe, inda tamar take, ya ratsa Ajaokuta ya gangara Warri.

Mu ɗan yi lissafi. An tsara zangon farko na masana'antar a kan tan miliyan 1.3 na ƙarfe a shekara. Irin wannan tanderu yana cin kimanin kilo 780 na kwal kafin ya ba da tan ɗaya na ƙarfe, wato ana maganar kusan tan miliyan ɗaya ke nan a kowace shekara. Jirgin ruwan da ke ɗaukar tan dubu 70 yana bukatar zurfin mita 12 zuwa 14, kuma irinsa 14 ko 15 sun isa su kawo kayan shekara daga Ostireliya ko Amurka ko Mozambik.

To, ga inda gizo ke saƙar. Kafin jirgi ya isa Warri sai ya shiga ta mashigar Escravos, wadda yashi ke toshewa kullum. Katangar duwatsun da aka gina a shekarun 1960 domin kare ta ta lalace, ta nutse a wurare da dama. Ko yasar da gwamnati ta bayar da kwangilarta a 2018, zurfin da aka nema bai kai mita 8 ba. Ma'ana, babban jirgi sai ya tsaya a tsakiyar teku a riƙa kwashe kayansa a ƙananan jirage, ko kuwa a yi ta hayar ƙananan tun daga ƙasar da aka sayo kwal ɗin. Ko wanne aka zaɓa, kuɗin dako zai hau kan farashin kowane tan na ƙarfe, kuma rodin Ajaokuta ne zai shiga kasuwa ɗaya da na Sin.

Layin dogon ma da aka fara a 1987, sai a watan Satumba na 2020 aka buɗe shi, kuma fasinja ya koma ɗauka. A 2019 an sanya hannu da wani kamfanin Sin a kan gina tasha mai zurfi a Warri tare da miƙa layin zuwa Abuja. Takarda dai ta sha hannu. Tashar Lekki da aka buɗe a 2023 tana da zurfin mita 16.5, amma kwantenoni aka fi gina ta dominsu, kuma babu layin dogo daga can zuwa Kogi.

Akwai darasi a Bangaladash, ƙasar da ta gina tashoshi biyu saboda kwal a kusan lokaci guda. A Matarbari, da rancen Japan, an haƙa mashiga mai zurfin mita 18.5 kafin injin lantarkin ya fara aiki, jirgin kwal na farko ya iso a watan Afrilu na 2023, kuma wannan mashiga ce suka ɗora shirin babbar tashar kasuwanci a kanta. A Payra kuwa an kafa injin mai ƙarfin megawat 1,320 a bakin kogin da laka ke cikewa, jirage suka riƙa shigowa da rabin kaya. A watan Yunin 2023 injin ya tsaya cik na makonni, domin ƙasar ta rasa dalar biyan bashin kwal, jama'a suka kwana cikin duhu ana tsananin zafi.

Su ma sun auna arziki ne, domin injin lantarki ana kashe shi a sake tayar da shi. Ɗakunan gasa kwal ba haka suke ba. Idan aka hura su, shekara da shekaru ba a barin su su huce, in sun huce kuwa tubalin jikinsu sai ya tsage. Shi ma tanderun, idan narkakken ƙarfe ya daskare a cikinsa, gyaransa aikin watanni ne da maƙudan kuɗi. Ƙasar da ta saba ganin darajar Naira ta faɗi cikin dare ɗaya ya kamata ta yi tunani sau biyu kafin ta hura wutar da ba a kashewa. Mun riga mun biya Dala miliyan 496 a 2022 domin sasanta rikici da kamfanin Indiya da aka ba jinginar masana'antar a 2004, alhali babban tanderun ko sau ɗaya bai taɓa ganin wuta ba.

Akwai wata hanyar, kuma ba baƙuwa ba ce. Kamfanin ƙarafa na Aladja da aka buɗe a 1982 da iskar gas yake sarrafa tama, kuma shi aka ɗora wa ciyar da masana'antun murza ƙarfe na Katsina da Jos da Osogbo. Bututun gas da aka ƙaddamar da aikinsa a 2020 zuwa Kaduna da Kano, daga Ajaokuta ya taso. Gaskiya ne tamar Itakpe ba ta da ƙarfi, ƙarfen da ke cikinta bai wuce kashi 36 cikin ɗari ba, kuma hanyar gas ta fi buƙatar a tace ta sosai. Wannan ma kuɗi ne, amma kuɗin da za a kashe a gida.

A ganina, 'yan majalisarmu na Arewa da ke yawan kiran a farfaɗo da Ajaokuta su ne ya kamata su fara tsare Ministan Ƙarafa da Hukumar Tashoshin Jiragen Ruwa a zama ɗaya. In tanderun kwal za a hura, a nuna musu tashar da aka zaɓa, da zurfinta, da filin jibge kayan wata uku, da ranar da layin dogo zai isa bakin jirgi, da wanda zai samar da dalar sayen tan miliyan ɗaya a shekara. In babu waɗannan a cikin yarjejeniyar, kada su amince da kwabo ɗaya na gyaran tanderun a kasafin kuɗi.