INA RABON 'YA'YAN BIRNIN GWARI?

Ya ku 'yan'uwa talakawa, duk shekara idan an ba da dogon hutun makaranta, daga ƙarshen Yuli zuwa Satumba, sai a tara yara a Abuja da Ikko da Kaduna, a yi mako biyu ko uku ana koya musu rubuta wa kwamfuta umarni, watau yadda za su sa ta aiki da kansu. Hukumar NITDA ta Gwamnatin Tarayya ma ta sha shirya irin wannan a Abuja. Madalla, ba mu ƙi ba. Amma muna tambaya: ɗan mai sayar da hatsi a kasuwar Birnin Gwari fa, shi ba ɗa ba ne?

Kada wani ya ce mana wannan wasan 'ya'yan masu kuɗi ne. Tun 2015 hukumar JAMB ta daina jarrabawar shiga jami'a da takarda, sai da kwamfuta. To, yaron da bai taɓa ɗora yatsa a kanta ba sai ranar jarrabawa, an kayar da shi tun bai karanta tambaya ba, ko da kuwa ya fi ɗan birni ƙwaƙwalwa. Ku kuma 'yan kasuwa kun tuna farkon 2023, da takardar kuɗi ta ɓace, ciniki ya koma ta waya. Wanda bai iya ba sai ya miƙa wa wani wayarsa da lambarsa ta sirri, yana fatan Allah ya sa mai amana ne.

Za a ce babu lafiya. Mu za a gaya wa? Mu ne hanyarmu ta Kaduna ta zama tarko shekara da shekaru, ɓarayin da suka yi sansani cikin dajin Kamuku suka tashi ƙauyuka. A ƙarshen Satumba 2021 gwamnatin jiha ta sa aka yanke mana waya ɗungum, sai cikin Nuwamba aka mayar. Ranar 7 ga Maris 2024 aka kwashe 'yan makaranta a Kuriga, nan maƙwabtanmu a ƙasar Chikun. Saboda haka ba mu ce a kwashi yara a kai su wani gida bayan gari su kwana ba, Allah ya kiyaye. Amma a Nuwamba 2024 Gwamna Uba Sani ya zo da kansa ya buɗe kasuwar shanu da ta daɗe a rufe, aka ce an yi sulhu. In sulhun ya isa a tara shanu, ashe kuwa ya isa a tara yara da rana tsaka cikin gari, kowa ya kwana gidan ubansa.

Za a ce kuma babu wuta, babu intanet. Wannan hujjar malalaci ce. Akwai manhajar Scratch da jami'ar MIT ta Amurka ta fitar a 2007 domin yara, kyauta ce, tana aiki ba tare da intanet ba. Akwai 'yar kwamfuta Raspberry Pi da aka fara sayarwa a Ingila a 2012 kan dala 35, girmanta kamar tafin hannu, batir da farantin sola sun ishe ta. Rana kuwa ba mu roƙe ta wurin kowa ba.

Abu guda da masu shirya abin daga ofis ba su lura da shi ba, shi ne hutun nan yana faɗowa tsakiyar damina. Manomi ba zai saki ɗansa da safe ba, kuma yana da gaskiya. Sai a sa karatun bayan azahar, a bar ranar kasuwa, a ware wa 'yan mata nasu lokaci. Malaman kuwa a ɗauko su cikin malaman makarantunmu a horar da su, kada a kawo baƙi su ɗauki hoto su tattara kayansu su tafi.

Muna kira ga shugabannin 'yan kasuwa da na reshen kowace unguwa su kai wannan magana gaban Ƙaramar Hukuma a rubuce, tun kafin a tsara kasafin kuɗin baɗi, su kuma nemi amsa a rubuce.