"Zauna Ka Huta" Ba Magani Ba Ne Ga Mai Ciwon Huhu

Jama'a, akwai wata kalmar tausayi da muke yi wa marasa lafiyarmu, amma cutar da su take yi. Da zarar dattijo ya fara haki in ya taka daga zaure zuwa masallaci, sai mu ce, "Baba, zauna ka huta." Tsohuwa in numfashi ya fara sarƙe mata, sai a karɓe tsintsiya a ce, "Inna, ki kwanta." Daga nan tabarma ta zama gidansu.

Ga yadda abin yake. Mai ciwon toshewar hanyoyin numfashi, wanda likitoci ke kira COPD, yana gudun motsi saboda haki. In ya daina motsi, naman ƙafafunsa ya saki. Naman da ya saki kuwa saurin gajiya yake yi, sai hakin ya ƙaru ko da 'yar tafiya ce. Mai zuwa kasuwa bara, bana sai a cikin ɗaki zai yi alwala.

Wannan ciwo ba na Turawa masu shan sigari kaɗai ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ya kashe mutum sama da miliyan 3 a 2019. Mu duba gidajenmu daga Nahuce zuwa Bunguɗu, Gusau har Tsafe: iyayenmu mata shekara talatin, arba'in suna gaban murhu suna shaƙar hayaƙin icce. Ga ƙurar hunturu. Ga matasan da ke niƙa dutsen zinari a wajajen Anka da Bukkuyum ba abin rufe hanci. Ga waɗanda suka warke daga tarin tibi amma ya bar musu tabo a huhu.

A ƙasashen da suka ci gaba, ban da magani, ana sa irin waɗannan mutane cikin shirin motsa jiki na makonni a asibiti, da na'urori da ƙwararru. Mu ina muka ga wannan? Ko tafiyar safe a bayan gari da likita zai ce a riƙa yi, wa zai tura mahaifinsa bakin daji a wannan hali na tsaro?

Shi ya sa nake ganin ya kamata mu dubi taici. Motsa jiki ne na mutanen Sin, ana yin sa a tsaye, a hankali: a ɗan rusuna gwiwa, a mayar da nauyi daga ƙafa zuwa ƙafa, hannuwa na tafiya sannu tare da numfashi. Ba gudu, ba tsalle, ba wutar lantarki, ba ko sisi. Tsakar gida ta isa.

Kuma ba labarin kanzon kurege ba ne. A 2018 likitocin Guangzhou da na Landan suka fitar da bincike kan masu wannan ciwo 120. Wasu aka sa su shirin asibiti, wasu taici, tsawon mako 12. A ƙarshe amfanin ya zo kusan ɗaya. Bayan ƙarin mako 12 kuwa, 'yan taici suka fi jin sauƙi. Ni a ganina dalilin a fili yake: na'ura a asibiti ake barin ta, taici kuwa mutum da abinsa yake komawa gida.

Na san abin da wasu za su ce: "Ai wannan bautar 'yan Sin ce." Gaskiya ne yana da tushe a falsafarsu. Amma abin da ake koya wa marar lafiya motsi ne da numfashi, ba a kiran sunan kowa, ba a rusuna wa komai. Mu da muke shan ƙwayarsu, muke hawa baburansu, motsin ƙafa ne zai gagare mu? Wasu kuma za su ce kunya, wai dattijo na wasa da hannu a iska sai a ce ya taɓu. To ya yi a cikin gida mana. Kunyar tsakar gida ta fi ta a ɗauke ka zuwa bayi sauƙi.

Amma a kula. Taici ba ya gyara huhun da ya lalace, kuma ba ya maye gurbin maganin shaƙa. Duk mai tarin da ya wuce mako biyu ya fara zuwa gwajin tibi, kyauta ne. Sai likita ya duba ya amince kafin a fara. A fara da minti biyar zuwa goma, a shaƙi iska ta hanci, a fitar da ita a hankali ta baki kamar mai hura kunu. In jiri ko ciwon ƙirji ya zo, a tsaya. Ranar da ƙura ta yi yawa, a yi a ɗaki, nesa da murhu.

Kirana ga Ma'aikatar Lafiya ta jiha: a haɗa kai da masu gashin ƙashi na Cibiyar Lafiya ta Tarayya da Asibitin Yariman Bakura da ke Gusau, su zaɓi 'yan motsi masu sauƙi, su horar da ma'aikatan ƙananan asibitoci, mata su koya wa mata. A ɗauki bidiyo da Hausa a watsa ta WhatsApp. Wannan bai kai kuɗin taron bita ɗaya a otal ba.

Mu kuma masu tsofaffi a gida, mu kama hannunsu su miƙe, ko da taku goma ne a rana.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya zaunar mana da Zamfara lafiya.